Yadda Na Zana Ƙahon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da za a ciro ƙwaƙwalwata a jiƙa ta a ruwan sabulu, a cuɗe, a shanya a rana. Har yau in na tuna sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi, alhali kowa ya san sanyin Jos ba ya barin mutum ya yi gumi a banza.

Ni mai zane ne a kwamfuta. Ina aiki a wani ɗan shagon ɗab'i a Tudun Wada, wurin Oga Habibu, inda muke buga katin biki da kalanda da fastar 'yan takara da sanarwar rasuwa (wani lokaci hoton ɗaya ne, rubutun kawai ake canzawa). Irin zanen da na fi ƙwarewa a kai shi ne wanda muke kira bekta. Ba hoto ba ne da kyamara ta ɗauka. Layuka ne da lanƙwasa da ɗigo da kake ja da hannunka, kwamfuta ta riƙe lissafinsu. Abin da ka zana kamar girman ƙwayar gyaɗa kana iya buɗa shi ya rufe bangon gida, ba zai dushe ba, ba zai farfashe ba. In ka yi abin kirki zai fito tangaran. In ka yi shirme, shi ma tangaran zai fito, har na bakin titi ya gani.

A lokacin ina neman auren Kangyang, malamar firamare ce a Daɗin Kowa. Ita da mahaifiyarta ba ni da matsala da su. Matsalata Baba Pam, mahaifinta. Tsohon ma'aikacin gona ne da ya yi ritaya, dogo, mai ƙarancin magana, irin mutanen nan da in suka dube ka sai ka fara tuno laifin da ka yi tun kana aji uku. Ranar da na fara zuwa gaishe shi na durƙusa har gwiwata ta yi sanyi kafin ya ɗago kai.

"Samari, me kake yi?"

"Ina zane a kwamfuta, Baba."

"To. Bayan wasan kuma, aikin fa?"

Wannan tambayar ta bi ni har gida, ta kwana da ni, ta tashi da ni.

Baba shi ne shugaban wata ƙungiyar kiɗan gargajiya a unguwarsu. Dattawa ne da 'yan matasa kaɗan, suna da ganga da molo da sarewa da caki, da kuma kundung, wato katakan nan da ake jerawa a kan ƙahonin shanu a riƙa bugawa da 'yan sanduna. Shi Baba ƙaho yake busawa, wani tsohon ƙaho da ya gada daga mahaifinsa. A naɗe yake cikin fata a ɗakinsa, ba ya fito da shi sai babbar rana. Ni dai ban taɓa jin ƙararsa ba, labarinsa kawai nake ji.

Da bikin tunawa da kafa ƙungiyar ya matso, sai Kangyang ta yi ta lallaɓa Baba har ya yarda a ba ni aikin babban ƙyallen da za a rataya a bayan dandamali. Ta ce da ni, "Ga dama ta samu, Oga mai zane. Ka nuna masa kai ma aiki kake yi." Abin da Baba yake so ba wani abu ba ne mai wuya: sunan ƙungiya a sama, hoton dattawan a tsakiya, shi ke nan. Da na yi haka da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ina! Mai neman suna ba ya bin hanyar da kowa ya bi.

"Baba," na ce, "me zai hana maimakon hoton kayan kiɗan, a zana ƙararsu?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ƙara ake zanawa?"

"Ana zanawa, Baba. Kowane abin kiɗa a yi masa zayyana tasa, kamar ta jikin atamfa ko ta hula, yadda in mutum ya kalla zai ji kamar ana kaɗa masa a kunne."

"Kai ka taɓa ganin ƙara da idonka?"

"A'a, Baba."

Can ya ce, "To. Mu gani."

Kalmomi uku ne kacal, amma sun hana ni jin daɗin abinci har aka yi bikin.

Abin da ya kamata in yi shi ne in je wurin gwajin kiɗansu, da suke yi ranar Lahadi da yamma a tsakar gidan Baba, in zauna in saurara da kunnena. Na ce da Kangyang aiki ya yi mana yawa a shago. (Aikin da ya yi mini yawa shi ne tsoron idon Baba.) Sai muka shirya ta riƙa ɗaukar mini ƙarar kowane abin kiɗa shi kaɗai a wayarta, ta turo mini. Haka kuwa aka yi. Saƙonni suka yi ta shigowa, kowanne da sunansa a ƙasa: ganga, molo, sarewa, caki, kundung. Can bayan an jima sai ga wani ya shigo shi kaɗai. A ƙasansa ta rubuta "Na Baba", ta liƙa fuskar nan mai dariya har da hawaye.

Na ce a raina, Allah sarki, yarinyar nan ta samu Baba ya fito da ƙahon saboda ni, har murna ta sa ta hawaye.

Na juye su duka a kwamfuta na sa abin ji a kunne na fara aiki, kuma ba yabon kai ba, na yi aiki. Ganga na yi mata baƙaƙen da'irori, babba ta bi ƙarama, ƙarama ta bi babba, masu nauyi kamar sawun giwa a laka. Molo siraran layuka ne masu karkarwa, irin yadda igiyar shanya take yi in iska ta taɓa ta. Caki bai ba ni wahala ba ko kaɗan, ɗige-ɗige na watsa kamar an zubar da acca a tabarma. Sarewa ce ta so ta haukata ni, na ja layi na goge, na ja na goge, sai da na tuna yadda tsattsewa take tashi ta lanƙwaso sannan hannuna ya kama hanya. Kundung kuwa na jera masa 'yan duwatsu, wani a kan wani, wani ya karkace kamar zai faɗo bai faɗo ba, irin duwatsun da muke gani a bayan gari. In na gama ƙwaya ɗaya ta zayyana sai in sa kwamfuta ta maimaita ta, ta jeru, gefe ya haɗu da gefe ba a ganin tsaga.

Sannan na zo kan na Baba.

Na gyara zama, na rufe ido, na kunna. Da farko ruwan sama na ji yana sauka a kan rufin kwano. Sai wata ƙara ta taso daga can ƙasa, mai kauri, mai gurnani, tana hawa a hankali kamar babbar mota ta ɗauko dankali tana hawan tudu. Ta hau, ta hau, ta kai ƙololuwa, sai ta tsaya cak. Shiru. Har ka fara tunanin ko an gama, sai wani siririn fito ya biyo baya, fiiii, mai taushi. Sai gurnanin ya sake tasowa.

Jama'a, tsigar jikina ta tashi. Na ce lallai wannan shi ne ƙahon kakanni. Ban taɓa jin abin busa mai zurfi haka ba.

A fuskar kwamfuta ana ganin ƙara kamar jerin tuddai. Na ga tuddan na Baba sun yi ta hawa da sauka, daga nan layin ya kwanta ya miƙe. Na ɗauka Kangyang ce ta manta ba ta kashe wayar ba, sai na yanke jelar na ajiye kan, shi na yi ta maimaitawa ina zane. Na yi masa wata murɗaɗɗiyar zayyana mai kauri, tana farawa ƙarama tana buɗewa tana buɗewa kamar katantanwa, sai in bar fili fari fes saboda shirun nan, sannan wani siririn gashin layi ya fita ya lanƙwashe a ƙarshe. Launin zinare na ba shi. A tsakiyar ƙyallen na sa shi, ya fi kowanne girma, sauran suka kewaye shi kamar fadawa.

Wata rana Oga Habibu ya leƙo ya tarar ina ta gyaɗa kai ido rufe. Ya zare abin jin daga kunnena ya sa a nasa. Ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Wannan mene ne?"

"Ƙahon surukina ne, Oga. Na gado ne."

"Ƙaho? Ni dai kamar janareta mai mura nake ji."

Na yi murmushin tausayi. Na ce, "Oga, kiɗan gargajiya sai mai kunne."

"Allah Ya ba da sa'a," in ji shi, ya koma wurin injinsa.

Da yamma Kangyang ta kira ni, tana ta ƙyalƙyala dariya tun kafin mu gaisa.

"Ka ji na Baba kuwa?"

"Na ji. Ai duk ya fi su. Tun jiya shi nake saurare."

"Kai dai ba ka da kirki!"

"Da gaske nake. A tsakiya ma zan sa shi, da ruwan zinare."

"Sa mana," ta ce, dariya har tana sarƙewa. "Ka ƙara masa da kambi."

Ta nemi in turo mata zanen ta gani, na ƙi. Na ce so nake ya zo wa kowa ba zato, har ita. Kun ga yadda mutum yake haƙa rami da hannunsa, ya share gefensa, ya dasa masa furanni.

Kwanakin da suka rage duk a cikin fargaba na yi su, amma fargabar abin da bai kamata ba. Ina tsoron kada launin zinaren ya fito kamar ruwan kunun gyaɗa. Ina tsoron kada injin ya ci ƙyallen a tsakiya. Na karanta sunan ƙungiyar harafi bayan harafi har sunan ya daina yi mini kama da Hausa. Ranar bikin da safe hadari ya haɗu, na naɗe ƙyallen a leda na rungume shi a cikin keke tun daga Tudun Wada har Daɗin Kowa, rabinsa a waje, ina roƙon mai keken ya bi a hankali kamar mai ɗauke da mai naƙuda. Duk abin da zai iya lalacewa na yi masa addu'a, ban da abu ɗaya.

Zauren taron ya cika maƙil. Ga fastoci a gaba, ga mai unguwa da mutanensa, ga tsofaffin abokan aikin Baba, ga maƙwabta Musulmi da Kirista, ga matan zumunta sun yi anko sun kama layi guda, Mama, mahaifiyar Kangyang, a tsakiyarsu. Baba yana kan babban tebur cikin farar babbar riga, fuskar nan kamar an sassaƙa ta da dutse. Ƙyallena yana rataye a baya, an lulluɓe shi da farin yadi. Kangyang kuwa tana can bayan zaure wurin tukwane, ana ta zuba shinkafa da gwate.

Shirina shi ne in kunna kowace ƙara a lasifika, in nuna zayyanarta. Na riga na jera yankakkun sautukan a laftof. Ina zuwa sai mai kula da lasifika ya ce, "Oga, igiyar laftof ɗin ta lalace fa. Sai dai ka kunna daga wayarka." Na ce ba komai, ai saƙonnin Kangyang suna nan yadda ta turo su.

Mai gabatarwa ya kira ni. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni dandamali ba. Aka yaye yadin, sai na ji zauren ya yi "Kai!" gaba ɗaya. Launi ya fito, layi ya fito, zinaren nan yana ta walƙiya a tsakiya. Na saci kallon Baba. Ya ɗan ɗaga gira ɗaya. A wurin Baba wannan daidai yake da wani ya tashi ya yi rawa.

Na kunna ganga na nuna da'irorin. Tsohon da ke kaɗa ta ya miƙe daga kujerarsa ya ce, "Haka take! Wallahi haka take tafiya!" Aka yi tafi. Na kunna caki, matan zumunta suka yi guɗa. Da na zo kan kundung har mai unguwa ya juya yana yi wa na kusa da shi bayani da hannu. Tsoron da ya yi makonni yana cina ya fara sakina, wani abu mafi haɗari ya maye gurbinsa. Kaina ya fara kumbura. Muryata ta buɗe. Na fara taku a dandamali ina jan igiyar makirufo kamar mai wa'azi.

"Yanzu kuma, iyayena," na ce, "mun zo kan uban tafiya. Wannan na tsakiya, mai ruwan zinare, ƙarar Babanmu ce. Na zauna da ƙarar nan ni kaɗai, na saurare ta ba dare ba rana. Ku dubi yadda take tasowa daga ƙasa, wannan muryar kakanninmu ce take fitowa daga cikin duwatsu. Ku dubi farin filin nan. Wannan shirun dattijo ne, wanda ya san ba kowace magana ake faɗa ba. Wannan siririn layin na ƙarshe kuwa, tausayin uba ne ga 'ya'yansa. Duk wanda ya kwana gida ɗaya da wannan ƙara, ya kwana da albarka."

Aka yi tafi sosai. Baba ya ɗan karkata kai yana dubana da alamar tambaya, ashe shi ya san bai fito da ƙahonsa ba tun bara. Ni kuwa na ɗauka yabon ne ya ratsa shi.

Na ce da mai lasifika ya ƙara murya. Na danna.

Ruwan sama a kan kwano ya cika zauren. Sai gurnanin ya taso. A cikin abin jin kunne ƙaho ne. A cikin manyan lasifikoki, a gaban jama'a, wani abu ne dabam, kuma ni kaɗai ne ban gane ba. Na rufe ido ina bin layin zinaren da yatsa, ina hawa da shi. Shirun ya zo, na ɗaga hannu sama don kowa ya ji hikimar. Fiiii.

Da na buɗe ido, abin da na fara gani Mama ce. Ta cusa bakin gyalenta a baki, kafaɗunta suna rawa. Matar da ke gefenta ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. Wani fasto ya ƙura wa silin ido yana motsa baki kamar mai roƙon ƙarfin hali. Can bakin ƙofar baya kuma ga Kangyang tsaye da faranti a hannu, idonta kamar za su faɗo, tana girgiza mini kai da ƙarfi.

Na ɗauka abin ne ya taɓa zukatansu. Wallahi haka na ɗauka. Har na yi wa Kangyang murmushi.

Gurnanin ya sake zagayowa, ya sauka, sai wurin da nake yankewa ya zo. Na kai hannu zan kashe, na tarar fuskar wayar ta mutu, ta kulle kanta. Kafin in buɗe sai jelar nan da ban taɓa saurara ba ta fara magana. Muryar Kangyang ce, ƙasa-ƙasa, tana danne dariya:

"Ka ji ko? Haka muke fama kullum in ya ci tuwon rana."

Zauren ya yi tsit. Yatsana ya jiƙe da gumi, na zana mabuɗin wayar, ta ce ban yi daidai ba. Na sake, ta ƙi. (Ni da nake zana ƙarar sarewa, ga shi na kasa haɗa ɗigo huɗu.) Sai muryar Mama ta fito daga lasifika, tangararau:

"Baban Kangyang! Tashi ka shiga ɗaki mana, minsharinka ya kori kajina daga tsakar gida!"

Kujera ta yi ƙara. Sai muryar Baba, cike da barci, amma da nauyinta yadda kowa ya san ta:

"Ni ba barci nake yi ba. Tunani nake yi."

Ban san wanda ya fara fashewa ba. Na dai san mai ganga ya faɗo daga kan benci. Matan zumunta suka kwanta a jikin juna. Mai unguwa ya cire hula ya rufe fuska da ita. Mai lasifika, wanda da ya zare igiya ɗaya da ya cece ni, yana durƙushe a bayan akwatinsa yana dukan ƙasa. Ni kuwa ina tsaye, makirufo a hannu, a ƙarƙashin minsharin mutumin da nake neman 'yarsa, na buɗa shi ya fi tsayina, na shafa masa zinare, na kuma shaida wa duniya cewa duk wanda ya kwana da shi ya kwana da albarka. Na roƙi ƙasa ta tsage. Ƙasar Jos dutse ce, ba ta tsage ba.

Baba bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali, ya tako har inda nake, ya miƙo hannu. Na ɗauka mari ne, har na runtse ido. Makirufo yake so. Zauren ya lafa.

Ya juya ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya ce, "Jama'a, tun da na auri matar nan take cewa ina minshari, ni kuma ina cewa sharri take mini. Yau ga shi an kawo shaida, har da zane." Ya dakata. "Amma ina nan a kan bakana. Tunani nake yi."

Dariyar da aka yi a baya wasa ce. Shi kuwa ko gezau. Ya sa aka miƙo masa ƙunshin fata daga ƙarƙashin tebur, ya warware, ya fito da ƙahon, ya kafa a baki. Ƙarar da ta fito siririya ce, mai kaifi, mai tsabta, ta tsaga zauren ta fita ta taga. Ko kusa ba ta yi kama da katantanwata ba. Ya sauke, ya dube ni, ya ce ba a makirufo ba, "Wannan shi ne ƙaho, samari."

Ban tsaya cin shinkafa ba. Ta ƙofar baya na sulale, a can Kangyang ta tare ni.

"Ka kashe ni! Muryata fa kowa ya ji!"

"Ke kika rubuta na Baba!"

"Ban sa maka fuskar dariya ba?"

"Na ɗauka murna ce!"

"Wace irin murna ce har da hawaye? Kai ba ka taɓa jin minshari ba a rayuwarka?"

Na ce na taɓa ji, amma ban taɓa jin mai kyau haka ba. Ta ɗaga faranti kamar za ta kwaɗa mini, sai kuma dariya ta ƙwace mata, sai kuka. Na tafi na bar ta ban san wanne ya yi nasara ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon komai ba. Na daina bin hanyar Daɗin Kowa gaba ɗaya. Labari kuwa ya riga ni isa shago, domin ina shiga Oga Habibu ya ce, "Sannu da zuwa, mai kunne." Bai ƙara komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na gama yanke wa kaina hukunci cewa aure ya mutu, har na fara tunanin ko ana neman masu zane a Bauchi.

Sai Kangyang ta kira ta ce Baba yana nemana.

Na same shi a tsakar gida, a kan wata doguwar kujerar katako, kaji suna kiwo a gefensa. Na durƙusa na fara jero ban haƙurin da na haddace a hanya. Ya ɗaga hannu, na yi shiru.

"Sauran zanen," ya ce, "mutanena sun ce haka kiɗansu yake. Mai ganga ya ce a yanko masa nasa ya kafa a ɗaki." Ya gyara tabarau. "Na tsakiyan kuma, matata ta ce ya yi kama."

Daga cikin kicin na ji Mama ta ce, "Kamar an tsaga kara!"

"Ba da ke nake ba," in ji Baba. Ya juyo gare ni. "Za ka sake zana ƙahon. Wannan karon nan za ka zo ka zauna, in busa maka a kunne."

"To, Baba."

"Sannan ka turo manyanka. Mutumin da zai zauna ya saurari minshari har ya samo hikima a ciki, zai iya zama da Kangyang. Surutunta ya fi wannan."

Na buɗe baki in yi godiya. Shi kuwa har ya mayar da kai jikin kujera ya lumshe ido, na lallaɓa na fita ba tare da na tambaya ko barci ne ko tunani ba.

An yi auren. Na sake zana ƙahon, kuma kunnena na hagu bai dawo daidai ba sai da aka kwana biyu. Amma kada ku ɗauka na tsira. Mama ta dage sai an buga katantanwar zinaren nan a jikin jakunkunan da aka raba wa matan zumunta ranar biki, yanzu haka suna yawo da su a kasuwa, kuma kowa ya san sunan zanen. Akwai wani kawun Kangyang da har gobe ba ya amsa gaisuwata da baki. In na ce, "Kawu, ina wuni?" sai ya rufe ido ya ja gurnani, ya yi shiru, ya ce fiiii.

Abin da na koya dai ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. In an turo maka saƙo, ka saurare shi har ƙarshe, ko da ka ga layin ya kwanta. In kuma za ka tsaya gaban jama'a ka yabi ƙarar da dattijo ya yi, ka fara bincikawa ko idonsa biyu lokacin da ya yi ta.